Mai Kira Kafin Azahar

Ganou, Parakou
Ranar Litinin

Zuwa ga ƙanena Irfan Gaji, a gidanmu na Djougou.

"Yaya, ki tafi hankalinki kwance. Wallahi duk wanda ya kira layin nan mutum ne zai ɗauka, kuma abin da kika saba aika masa shi za a aika masa. Ko gishiri ba zan canza miki ba."

Ka gane maganar? Taka ce. A tashar mota ka faɗe ta, wayata a hannunka na dama, na hagu a ƙirjinka, ni kuma ƙafata ɗaya ta riga ta shiga taksi. Na sa ta gaban sallama ne don na san halinka da takarda, layin farko kake karantawa ka ajiye.

Yanzu kuma, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da matarka Halimatu. Yaya Inna, yaya gwiwar tata? Ka gaishe ta da kyau, ka ce mata ta riƙa shafa man da na aika ko da ba ta jin ciwo. Mu nan lafiya lau, alhamdulillahi. 'Yata Khalida ta warware, na baro ta a ƙauyen Partago tana tafiya da ƙafarta, jaririyar kuma sai ci sai barci.

Da biro na rubuto maka, na ba direban motar Djougou, saboda abin da zan kira ka da shi yana aljihunka. In na ari wayar Rahinatou mai taya ni girki na kira, sai ka ce kana taro. Allah ya ƙara maka tarurruka. Takarda dai ba a ce mata ana taro.

Jinyar 'yata ce ta sa na roƙe ka ka zo ka riƙe mini gidan abinci, ta kuma riƙe ni a ƙauye fiye da yadda na yi tsammani. Na dawo na tarar da tukwane suna tafasa, mata suna dakan sakwara, amma madafar shiru, babu ƙarar waya. A ƙofa kuma 'yan zem, masu acaɓa, sun jera babura, kowanne da akwati a baya. Rahinatou tana kallon fuskar wayarta tana karanto lambobi kamar mai kiran marasa lafiya a asibiti. Na tambaye ta wane ne zai ci wannan wasa-wasar da ke kan wuta. Ta ce ba ta sani ba, kai kake turo mata komand, wato odar abinci, daga Djougou, manhaja ba ta faɗin suna.

Sai na karɓi wayarta na kira layina. Wata mata ce ta ɗauka, da kiɗa a bayanta, da muryar ma'aikaciyar jirgin sama: "Pour commander, téléchargez l'application. Paiement à l'avance." Wato mai son abincin Gidan Ummu ya sauke manhaja, kuma ya biya tukuna. A layina, Irfan. Layin da tun kana makaranta mutane ke kira su ce, "Ummu, yau me kika dafa?"

Kada ka ce ban gane zamani ba. Na karanta yarjejeniyar da ka sa wa hannu har ƙananan rubutun da aka yi don kada a karanta. Faransancina ya tsufa amma bai makance ba, ni na koya maka shi a kan tabarmar Baba kana kuka. Ban ce manhaja haram ba ce. Ɗaliban da ba su san ni ba, da ma'aikatan da aka turo garin jiya, su latsa abinsu su ci, Allah ya amfana. Da sabon layi ka buɗe musu da na sa maka albarka. Amma ka ɗauki tsohon, saboda ka san yana cikin wayar rabin Parakou.

Ka san abin da ke shigowa ta layin nan? Direbobin Gare, babbar tasha, suna kira tun suna hanya, daga muryar mutum nake sanin ko gyaran mota ya kwana yi, in ƙara masa romo. Akwai wata madam da gyaɗa ke kumbura wa fuska, ba ta taɓa buƙatar tuna mini ba. Akwai malamin da in ya ce a zuba na mutum ɗaya da yamma na san matarsa ta yi yaji, sai in ƙara masa nama in kama bakina. A ina manhajarka ke rubuta wannan?

Duk waɗannan za su iya jira. Akwai wanda ba zai iya ba.

Alhaji Badamasi na bayan Gare. Ban taɓa faɗa maka labarinsa ba, don ba nawa ba ne da zan faɗa. Yau ka tilasta mini. Lokacin da mijina ya rasu na kafa teburin abinci a bakin tasha, Alhaji Badamasi babban dillalin shanu ne, zaurensa ba ya rabo da baƙi. Shi ya shiga cikin mahauta ya ce, "'Yar Gaji ce, ku ba ta nama mai kyau, ni ne." Bai tsaya nan ba. Shi da ke da mata masu girki a gida sai ya riƙa zuwa da mutanensa yana zama a bencina, yana ɗaga murya yana cewa a ƙaro, don tasha ta gani. Haka aka yi Gidan Ummu.

Yanzu shanu sun ƙare, matan sun riga mu gidan gaskiya, ɗa ɗaya da ya rage ya tafi Gabon babu labari, ido kuma ya yi hazo. Abin da ya rage masa ƙaramar waya mai madannai da lamba ɗaya da yatsunsa suka haddace. Kullum kafin azahar sai ya kira ya ce, "'Yar Gaji, a kawo mini sakwara da miyar kuɓewa, naman kada ya yi tauri irin na jiya, ki sa a lissafi." In ce, "To Alhaji, an sa." Babu wani lissafi. Ya sani, na sani. Amma shi komand ya yi, ni kuma ciniki na yi, har faɗan gishiri yana yi mini in ba shi haƙuri. Da wannan yake cin abinci sau ɗaya a rana yana nan Alhaji Badamasinsa.

Kuma ka sani. Rahinatou ta ce ka tambaye ta wane tsoho ne ke kira kullum ba a ganin komai daga wajensa. Ta ce maka ni ce na ce a kai. Ka ce ba a kasuwanci haka. Bayan kwana kaɗan ka ɗora matar jirgin sama a kan layin, ka cire sim ka tafi da shi.

Na je ofishin kamfanin waya. Yarinyar wurin ta duba ta ce layin na Monsieur Irfan Gaji ne. Sai na tuna, lokacin da aka ce kowa ya yi rajista katin shaidata ya ƙare aiki, kai ka tsaya a layi ka yi mini da naka, har na yi maka farfesun zabo don godiya.

Abin da nake so ba shi da yawa. Ka aiko mini sim ɗina ta hannun wannan direban, ka cire muryar nan, ka zo mu je a mayar da shi sunana. Ka buɗe wa manhajarka nata layin, zan dafa mata in har tukunya ta isa. Daga yau kuma har sim ya zo, ko cokali ba zai fita daga madafata zuwa akwatin babur ba.

Ka gaida Halimatu. Allah ya shirye ka.

Yayarka,
Ummuhani

*

Ganou, Parakou
Ranar Asabar

Zuwa ga aminiyata Habsa, a Djougou.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya gida, yaya maigidan, yaya 'yan makaranta? Ina fatan kasuwar biki tana tafiya, na ji an ce yanzu ba a ɗaura aure a unguwarku sai da tukwanenki. Allah ya ƙara buɗi. Daddawar da kika aiko ta iso, ta yi ƙamshi har maƙwabta suna tambaya.

Habsa, ki karanta wannan ke kaɗai, ki sa ta a murhu. In ban faɗa wa wani ba zan fashe.

Kin ji dai abin da ke tsakanina da Irfan, tunda Inna ta aiko ki ce mini in yi haƙuri, ƙanena ne, yaro ne. Yaro mai gemu da mata. Ki ce wa Inna na ji, kuma ina sonta. Amma ba ta san komai ba sai cewa mun yi faɗa a kan waya.

Sim bai zo ba. Abin da ya zo saƙon murya ne a wayar Rahinatou, yana cewa, "Yaya, ke fa kin cika ɗaukar zafi. Muna da taurarin yabon masu saye a manhaja, kin san wahalar da ake sha kafin a same su? In na cire layin sai a faro daga farko." Taurari, Habsa. Da na daina dafa masa, sai ya samo wata mata a can wajen kasuwa tana dafawa, ana zubawa a leda mai sunana. Jiya wani direba ya tare ni ya ce, "Hajiya, lafiya kuwa? Cukun wagashin naki kamar an soya takalmi." Na ce masa Allah ya ba shi haƙuri, ba hannuna ba ne.

Wannan ma zan iya shanyewa. Ga abin da ba ya shanyuwa.

Kin tuna Alhaji Badamasi, wanda ya tsaya mini a tasha. Kin san yadda muke da shi, kafin wannan rikicin ke kaɗai na taɓa faɗa wa. Na cika kula da sakwara na je da kaina. Da ya ji muryata sai ya ce in jira, ya shiga ya sako babbar riga. Rigar ta yi masa yawa, Habsa, wuyanta yana zamewa daga kafaɗa. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, ya fasa goro ya ba ni rabi, ya tambayi Khalida da jaririya, ya tambayi ruwan sama a Partago, ya tambayi kuɗin doya a can. Sai da muka gama duk wannan na tura masa kular.

Ya taɓa ta da bayan hannu ya ce, "Wannan ta wa ce? Ni ban yi komand ba."

Na ce, "Baba Alhaji, kuskure aka yi ba na nan, inji ne yake magana."

Ya ce, "'Yar Gaji, inji ba ya sa kansa magana. Na kira gidanki, gidanki ya amsa mini. Na yi ciniki da masu Faransanci tun ba a haife ki ba, na san abin da ake nufi da à l'avance. Babu laifi, kasuwa ce. Kowane ɗan kasuwa yana da ranar da yake rufe lissafi, ni ma na rufe wa mutane."

Na rantse masa, na ce ga sabon layi na saya, bari in sa masa a waya. Ya yi dariya ya ce yatsunsa sun tsufa da koyon sabuwar hanya, wadda suka sani ita suka sani. Sannan ya ce in koma da abincin kada ya huce, shi yau azumi yake. Ranar Talata ce.

Da na fito, Bilkissou mai haya a gidan ta biyo ni har bakin titi. Ta ce haka yake gaya wa kowa, kullum azumi, da magariba kuma gari yake jiƙawa. In ta kai masa tuwo sai ya ce ta ba yara. Ta ce an taɓa ɗauko shi daga wurin alwala a masallaci, ya ce santsi ne. Sannan ta faɗa mini abin da ya hana ni sukuni tun ranar. Ta ce har yanzu kullum kafin azahar sai ya ɗauko wayar ya danna lambar. Yana sa ta a kunne ya saurari matar nan har ta gama, sannan ya mayar aljihu. Yana jiran ranar da ni zan ɗauka, Habsa. Bakinsa ba zai faɗa ba, amma shi yake jira.

Na gwada dabaru. Na dafa shinkafa na raba wa duk gidajen layinsu na ce walima ce, ya karɓi nasa tunda kowa ya karɓa. Bayan kwana biyu na sake, na ce suna ne. Ya aiko Bilkissou ta tambaye ni wa ya haihu a gidana, yana so ya zo barka. Ba kullum ake walima ba.

To ki ji abin da ɗan autan Inna ya yi da wasiƙar da na rubuta masa. Na buɗe masa sirrin dattijo don ya ji kunya, shi kuma sai ya ga matsala da zai warware da wayonsa. Bai tambaye ni ba. Ya shiga manhajarsa ya yi komand da kansa, ya sa adireshin Alhaji. Ɗan zem ya iso bayan la'asar, lokacin da dattawan unguwa ke zaune a benci a ƙofar gidan, Alhaji a tsakiyarsu. Bai sauka daga babur ba, ya ɗaga leda ya ƙwala kira, "Wane ne Badamasi a nan? Kyauta ce, an biya maka, gratuit!" Ya ce kuma sai ya ɗauke shi hoto da ledar a hannu, haka doka take, in ba haka ba ba za a yarda ya kai ba. Ban ga laifin mai babur ba, aikinsa yake yi.

Bilkissou ta ce nan take Alhaji ya miƙe. Ya laluba sandarsa ya shiga gida. Tun ranar bai sake zama a bencin ba, salla ma a ɗaki yake yi.

Irfan kuwa ya turo saƙo yana cewa, "Kin gani, Yaya? An warware. Kullum ma zan iya sa a kai masa." Na karanta littattafai da yawa a rayuwata, na ga mugaye masu takobi da masu guba, ban taɓa cin karo da wanda ya yanka mutum yana jiran a gode masa ba sai a gidanmu.

Ni na goya yaron nan, Habsa. Ni na cire masa ƙaya a ƙafa, ni na sayar da abinci a rana aka biya masa makaranta. Ba na son in yi masa baki, shi ya sa da na ji abin ya taso mini sai in shiga daka. Sakwarar makon nan ba a taɓa yin mai laushinta ba. Amma na daina roƙo. Ina jiran ranar da zai buƙaci abin da ba a saukewa a waya, kuma in ta zo zan nemi alfarma a wurinki, ke da sauran mata masu girkin biki. Na san ba za ki ba ni kunya ba.

Ki gaida kowa da kowa. Ki leƙa Inna ki ga ko tana shafa man nan.

Taki har kullum,
Ummu

*

Ganou, Parakou
Ranar Lahadi

Zuwa ga Irfan.

Assalamu alaikum. Barka, barka da arziki. Saƙon Inna ya iso mini jiya da yamma cewa Halimatu ta sauka lafiya, an samu namiji. Na yi sujada na gode wa Allah. Allah ya raya shi, ya yi masa albarka, ya ba uwarsa lafiyar shayarwa. Ina fatan tana samun ruwan zafi a kan lokaci, kuma ba ku cika mata ɗaki da 'yan barka ba. Allah ya sa ya ɗauko hankalin uwarsa.

Na kuma ji sauran saƙon. Suna ranar Asabar, in taho tun Juma'a da manyan tukwane da matan da ke taya ni, kamar yadda na saba. An ce ka gayyaci dangin Halimatu na Parakou, masu harkar shanu da mahauta, mota-mota. An ce ka gayyaci liman da dattawan unguwa da abokan karatunka, har kana cewa za a ci abincin da Djougou ba ta taɓa ci ba, tunda yayarka ce Gidan Ummu. Ashe ka san inda nake. Kuma na lura ba ta manhaja ka aiko ba, Inna ka sa ta faɗa da bakinta, don ka san akwai abin da sai murya.

Tun rasuwar Baba ba a yi taro a gidan nan ba sai da hannuna a tukunya. Auren 'yan'uwanmu, saukar karatunka, aurenka, duk ni ce, kuma ko goro ban taɓa jira ba. Na so in yi na ɗanka fiye da duka.

Ga halin da ake ciki a nan. Dattijon da ka aika wa kyauta yana nan da rai. Bilkissou mai haya a gidansa ta ce ya daina fitowa tsakar gida sai da dalili. Har yanzu yana danna lambar kafin azahar, sai dai yanzu ba ya bari matar ta gama, da ya ji kiɗan sai ya kashe. Shekaranjiya ma bai kira ba sam. Jiya ya kira. Ban san sau nawa ya rage masa ba, kai ma ba ka sani ba.

Kada ka je wurinsa. Kada ka aika masa komai, ko gaisuwa. Ka riga ka je sau ɗaya a bayan babur, ya isa. Ba ya buƙatar haƙurinka, abin da yake buƙata shi ne ya danna lambar da ya sani, in ɗauka, ya yi mini faɗan nama, in ce an sa a lissafi. Ba zan tambaye shi komai ba, shi ma ba zai tambaye ni ba.

Don haka ka saurara da kyau, ko ka ba Halimatu ta karanta maka in idonka ya gaji.

Na ba ka zuwa Laraba. Ka shigo motar safe, ka zo da sim da katinka, mu je ofishin waya tare a mayar da layin sunana, a cire muryar nan a gabana. Kafin a kira azahar ranar Laraba ina son wayar ta kasance a hannuna, a kunne. Ka kuma cire sunana daga ledar matar da ke soya maka takalmi. In ka yi haka, Juma'a zan sauka a Djougou da tukwane da doya da zabi, in yi wa ɗanka girkin da za a daɗe ana labari, kuma wannan magana ba za ta sake fita daga bakina ba har in mutu.

In Laraba ta wuce, zan zo sunan duk da haka. Ɗana ne. Zan sa sabon leshi, in kawo wa yaro kayansa, in kawo wa mai jego turmin atamfa. Zan dafa ƙaramar tukunya ɗaya, farfesu da kunun kanwa, na Halimatu da Inna, don su ba su yi mini komai ba. Manyan tukwanena kuwa suna nan Ganou a kife.

Kada ka ɓata man babur kana zagaya masu girkin biki. Habsa ta riga ta zagaya su kafin kai. Dukkansu ranar Asabar suna da uzuri, wata ciwon baya, wata tafiya ƙauye, wata ta ce tukunyarta ta fashe. Wadda ke dafa maka a Parakou kuma ka tambaye ta ko ta taɓa ciyar da mutum fiye da cikin leda.

Za a yanka rago, a yi addu'a, a raɗa suna. Daga nan hantsi zai ɗaga, mutane za su gyara zama a kan tabarmi suna duban ƙofar cikin gida, suna jiran fitowar faranti. Ni zan sa kujera a bakin zaure. Ba zan zage ka ba, ba zan ɗaga murya ba, sunan dattijon nan kuma ba zai fito daga bakina ba, ya sha tonon asiri ya ƙoshi. Duk wanda ya ce, "Hajiya Ummu, ina abincin?" zan gaishe shi da kyau in ce, "Ai mun ci gaba, ranka ya daɗe, Irfan ya gyara mana tsari. Ga lambar, ka kira." Zan fara da liman, in bi da surukinka. Wanda ba ya jin Faransanci zan fassara masa da kaina, a hankali, cewa ya sauke manhaja kuma ya biya tukuna. In wani ya dage ya sauke ya biya, sai in ƙara masa bayani cewa baburan manhajarka ba sa wuce Parakou, na karanta a yarjejeniyarka, amma ya zauna, wataƙila a yi masa alfarma.

Kai kuma kana tsaye a cikin babbar rigarka kana amsa barka.

Laraba, kafin azahar.

Ka gaida mai jego da kyau. Ka shafa mini kan yaron.

Yayarka,
Ummuhani Gaji